Farautar Dila a Kan Tudu: Wace Rediyo Zan Fara Saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina so in shiga gasar nan ta masu sha'awar rediyo, wadda ake ɓoye na'urar watsa sigina a kan tudu a ce a nemo ta. Kuɗina ba su kai in sayi rediyo biyu ba. Ta mita 80 zan fara saya ko ta mita 2?

Amsa: Ɗan'uwa, cikin waɗannan zangunan sigina biyu da ake gasar a kansu, sayi ta mita 80, kada ka yi wata-wata.

Wannan wasa, da masu yin sa ke kira farautar dila, yana da tsari tsayayye a ƙarƙashin ƙungiyar IARU, wato ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta duniya, kuma tun 1980 aka fara gasarsa ta duniya a ƙasar Polan. Ana ɓoye diloli biyar, wato na'urori biyar, duk a kan zango ɗaya. Kowace takan yi kuka na minti ɗaya ta yi shiru, ta gaba ta karɓa, sai bayan minti biyar a zagayo kanta. Kukan da harufan Mos ne, wato gajerun sautuka (ɗigo) da dogaye: MOE, MOI, MOS, MOH, MO5. Kada wannan ya tsorata ka. Ɗigon ƙarshe kawai za ka ƙirga: ɗigo ɗaya dila ta ɗaya, ɗigo biyar ta biyar.

To, me ya sa na ce mita 80? Siginarta, ta megahaz 3.5, tana bin ƙasa ne, ba ta cika yin ƙarya ba. Rediyon ƙarama ce, tana cika tafin hannu, da eriyar sandar feret a cikinta ko ta zobe. Ka sa abin ji a kunne, ka riƙe ta a gabanka, ka juya a hankali. Sautin zai yi ta raguwa har ya kusa ɗaukewa a wani ɗan siririn wuri, da ka ƙara juyawa kaɗan ya dawo. Wannan shirun shi ne hanyarka. Matsalar ɗaya ce: bai gaya maka ko dilar tana gabanka ko bayanka ba. Shi ya sa ake haɗa wata 'yar eriya mai maɓalli, ka danna, ka ji ta wane ɓangare sautin ya fi ƙarfi. Rediyon da ba ta da wannan maɓalli, ko kyauta aka ba ka, ba ta gasa ba ce.

Mita 2 kuwa, megahaz 144, tana da daɗi amma tana da wayo. Siginar takan bugi gefen tudu ko dutse ta dawo, sai eriyarka ta nuna maka gabas alhali dilar tana kwance a kwari ta arewa. Gwanaye sun san su hau wuri mai tsayi kafin su yarda da abin da suka ji. Sabon shiga bai san haka ba, sai ya sha gudu a banza ya koma gida ransa a ɓace, ni kuma abin da ba na so ke nan, domin da yawa daga nan suke barin wasan. Idan lokacinta ya yi, ba sai ka kashe kuɗi sosai ba: ana haɗa eriyar Yagi mai sanda uku da tef ɗin awo na ƙarfe da bututun roba, kuma ta fi dacewa da jeji domin tana lanƙwasawa ta miƙe idan ta bugi ƙaya.

Abu ɗaya da za ka duba da kyau kafin ka biya: maɓallin rage ƙarfin sigina. Idan ka matso kusa da dila, sauti yakan cika kunne ta ko'ina har ka rasa gaba da baya. Mutum yana iya tsayawa taku ashirin daga tutar nan mai ruwan lemo da fari da ake kafawa kusa da dila, minti ya ƙare, dila ta yi shiru, ya zauna jiran minti huɗu. Rediyon da ke rage ƙarfi sosai, mataki-mataki, ita ce ke raba ka da wannan. Ka roƙi mai sayarwa ya bar ka ka gwada ta kusa da na'ura mai watsawa.

Tambaya: Ni mace ce, na yi gasa biyu a daji mai itatuwa, yanzu za a yi a kan tudu fili. Ragowar kuɗina in sa a sabuwar rediyo ko a kayan jiki?

Amsa: 'Yar'uwa, a kayan jiki. Irin waɗannan tuddai, kamar Datmo a kudu maso yammacin Ingila, fili ne fetal, ba itace ba gida, sai gajerun ciyayi da taɓo da ke haɗiye ƙafa har ƙauri. Hazo yakan sauko cikin ɗan lokaci ya rufe komai. Tafiyar takan kai kilomita 6 zuwa 10, kuma akwai iyakar lokaci, wanda ya wuce ta ba a lissafa masa dilolin da ya samo.

Ki nemi takalmin gudu mara nauyi mai haƙora a ƙasa. Ƙafa za ta jiƙe ko me kika sa, don haka wanda ke zubar da ruwa da sauri ya fi babban but da zai riƙe shi. Sai rigar ruwa, dogon wando saboda kaska, da usur.

Kamfas kuma kada ki yi masa rowa. Abin neman hanya a gasa taswira ce da kamfas. A fili irin wannan babu alamar da za ki kama sai layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswira da rafuffuka. Ki sayi mai allurar da ke tsayawa da wuri, ki nisanta shi daga abin jin kunne domin maganaɗisun ciki yana karkatar da allura. Ki haɗa da ɗan allo da fensir mai rubutu a kan leda. Duk dilar da ta yi kuka, ki ja layinta a taswira, ko ba ita kike bi ba a lokacin. Inda layi biyu suka gitta, can za ki dosa. Ki tuna kuma ba a ajiye dila kusa da wurin tashi ƙasa da mita 750, tsakanin dila da dila ma akwai aƙalla mita 400, wannan kaɗai yana share miki wani yanki na taswirar.

Tambaya: Yarana biyu sun nuna sha'awa. In saya musu na'urar watsawa su riƙa gwaji?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Saurare a yawancin ƙasashe ba ya buƙatar lasisi, amma watsa sigina a waɗannan zangunan sai mai lasisin rediyo. Ka kai su ƙungiyar masu sha'awar rediyo mafi kusa, galibi suna da na'urori marasa ƙarfi da rediyon aro don yara. Idan sun je sau uku suna neman na huɗu, ka saya musu rediyon mita 80 guda ɗaya da kamfas biyu, ɗaya ya riƙe rediyo ɗaya ya riƙe taswira, su yi musanya a kowace dila.