Kada ka ɓamɓare takardar da aka liƙa a ambulan

Malam, ka ce ka tsinci wasiƙar da kakanka ya aiko gida Tudun Wada daga ƙasar Bama (Myanmar ta yau), an yanka gefen ambulan ɗin an liƙe da takarda mai lamba, kana tambaya ko ka ɓamɓare ta ka yanke kan sarkin ka adana. A'a, kada ka taɓa ko ɗaya. Wannan takardar shaidar masu tace wasiƙu ce a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945. Su ne suka buɗe suka karanta, don kada wani ya faɗi inda runduna take, sannan suka rufe. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama, hafsa ne yakan duba wasiƙarsu ya sa hannu, a buga hatimi mai lamba. Duba tambarin gidan waya ma, sau da yawa lamba za ka gani, ba sunan gari ba. Masu tara irin waɗannan wasiƙu ambulan ɗin gaba ɗaya suke nema, kan sarki shi kaɗai bai kai komai ba.

Sharaɗi ɗaya: kada ka kai a yi masa laminatin, kada ka sa salatif. Na ga wadda aka yi wa haka, zafin injin ya dafe hatimin, kuma ba ta gyaruwa. Sa shi tsakanin fararen takardu biyu, nesa da bango, saboda gara da laimar damina. Ɗauki hotonsa gaba da baya ka nuna wa dangi.