Tarar gudu a Kalifoniya: makarantar direbobi ba ta goge bashin kotu

Tambaya: Barista, ina zaune a Kalifoniya. An rubuta mini tara saboda na zarce gudun da aka ƙayyade da mil 14 a awa, kuɗin ya haura dala 200, ba ni da shi. An ce idan na shiga makarantar direbobi, ta waɗanda suka karya dokar hanya, za a yafe mini. Haka ne?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka haka bai taimake ka ba. Makarantar ba ta rage ko sisi daga tarar. Abin da take yi shi ne ta sa a ɓoye laifin a kundinka na DMV, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci ta jihar, kada a ɗora maka makin laifi, kada kamfanin inshora ya gani ya ƙara maka kuɗi. Makin irin wannan laifi yakan zauna shekara 3. Tarar tana nan, ga kuɗin hidimar kotu a kai, ga kuɗin makarantar daban.

A bisa abin da ka faɗa, da alama ka cancanta, amma sai an duba takardarka. Ana so lasisinka ya kasance da inganci, motar ba ta kasuwanci ba ce, laifin ƙarami ne mai maki ɗaya, babu batun giya. Kuma ba ka yi makarantar kan wani laifin da ka aikata cikin wata 18 da suka wuce ba; ana ƙirga daga ranar laifi zuwa ranar laifi, ba daga ranar kammala darasi ba. Da ka zarce da fiye da mil 25, magatakardan kotu ba shi da ikon ba ka izinin makarantar, sai alƙali.

Rashin kuɗi kuwa magana ce daban, kuma nan ya kamata ka sa ƙarfinka. Kana da damar roƙon kotu ta duba ƙarfin aljihunka, ta fom mai lamba TR-320 ko ta manhajar intanet ta MyCitations. Haɗa da shaidar albashi ko ta tallafin gwamnati irin su CalFresh ko Medi-Cal. Alƙali na iya rage tarar, ya raba ta wata-wata, ko ya mayar da ita aikin al'umma. Iya ne, ba dole ba. Ka lura: neman ragi ta manhajar yana nufin ka amsa laifin. Idan kana ganin ɗan sandan ya yi kuskure, tsaya ka yi tunani tukuna, ko da yake kan mil 14 ban ga ribar ja-in-ja da na'urar auna gudu ba.

Inda mutane suke faɗawa rami shi ne su nemi ragi su manta da makarantar. Ka rubuta ƙarara cewa kana son duka biyun, kuma ka tambayi magatakarda yadda kotun gundumarku take haɗa su, don kotuna sun bambanta, wasu ma ba sa bayani sai an matsa. Ga wanda aka ba izinin makarantar, doka ta yarda a karɓi kashi 10 cikin 100 na kuɗin da kotu ke bin sa a farko, a biya sauran cikin kwana 90. Kada ka yi rajista da wata makaranta kafin kotu ta amince, kuma ka zaɓi mai lasisin DMV.

Tun 2017 ba a dakatar da lasisi a jihar don rashin biyan tara kaɗai. Amma idan ka bar ranar da ke kan takardar ta wuce shiru, ana iya ƙara maka har dala 100, a miƙa bashin ga masu karɓar bashi, damar makarantar ma ta suɓuce.