Fim ɗin Gone with the Wind da littafinsa: wanne ya fi zaluntar baƙar fata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar adabin Turanci ce a wata sakandare a Yauri. Na kalli Gone with the Wind ya burge ni, sai abokiyar aikina ta ce fim ne na wariyar launin fata, littafinsa ma ya fi muni. Haka ne? Kuma ya dace in nuna wa ɗalibaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba. Littafin da Margaret Mitchell ta fitar a 1936 ya ambaci Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ta'addanci kan baƙar fata, ƙarara, ya mayar da 'yanta masu kare mutuncin matan Turawa a kudancin Amurka bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865. Da David O. Selznick ya zo shirya fim ɗin na 1939, sai ya cire sunan ƙungiyar.

To amma a ganina fim ɗin ya fi haɗari. Mai karatu yakan ci karo da munin ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Mai kallo kuwa kiɗa da kyawawan riguna ne ke ɗauke masa hankali, ya tashi da tunanin cewa bayi baƙar fata da ke cikin labarin sun ji daɗin bauta, ubangijinsu ne ma abin tausayi. An shafa wa maɗaci zuma ne kawai.

Ki dubi abin da ya sami Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin Mammy, baiwar gidan. Ba a bar ta ta halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba saboda launinta. A 1940 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, amma a wajen bikin ma teburi dabam aka ba ta, nesa da abokan aikinta. Wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna.

Kuma kada mu ɗauka labarin Amurka ne kaɗai. Joyce Cary, wani Bature marubuci, ya yi aikin mulkin mallaka a Borgu, nan tsallaken Kwara daga garinku. Littafinsa Mister Johnson, na 1939, ya zana akawu ɗan Najeriya mai washe baki da ƙaunar Bature, wanda a ƙarshe ya roƙi maigidansa ya harbe shi da hannunsa maimakon a rataye shi. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, takaicinsa na cikin abin da ya haifar da Things Fall Apart a 1958. An mayar da littafin Cary fim a 1990.

Ki nuna musu Gone with the Wind, Malama, amma ba a zama ɗaya ba, don ya kusa awa huɗu. Ki zaɓi wuraren da bayi suka fito, ki tsayar, ki tambaye su: wa ke magana, wa aka hana magana? Sannan ki kawo musu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. A nan wanda aka sace yana yaro shi ke ba da labarinsa da bakinsa, ga kuma wahalar da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa. Idan lokacin darasi ya yi kaɗan, ki fara da Shaihu Umar.