Tambaya da Amsa: Yadda kanumfari ya sauya rayuwar Zanzibar

TAMBAYA: Na karanta cewa an yi zamanin da yawancin kanumfarin duniya daga Zanzibar yake fitowa. Can ne asalinsa? Kuma me ya haɗa shi da bauta?

AMSA: Malam, ba can ne asalinsa ba. Bishiyar ta fito ne daga tsibiran Maluku na ƙasar Indunusiya ta yau, irin su Ternate da Tidore. A ƙarni na 17 kamfanin Turawan Holan ya killace nomanta a Ambon da kewaye, ya riƙa sare ta a sauran wurare don kada farashi ya faɗi. A 1770 wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka sato dashenta zuwa Morishas, daga wannan yanki kuma ta isa Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Da Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840, sai ya matsa wa masu gonaki su dasa ta.

In kana son gane zancen bauta, dubi aikin kansa. Kanumfari fure ne da bai buɗe ba. Ana tsinke shi ne daidai lokacin da ya fara rikiɗa daga kore zuwa ja-ja. In aka yi gaggawa ya fito ƙanana, ba nauyi. In aka yi jinkiri fure ya buɗe, daraja ta zube. Bishiyar tana haura mita 10, kuma da hannu ake aikin: mutum ya hau, ya janyo reshe, ya tsinko gungu-gungu. Da yamma a zauna a raba 'ya'yan da silinsu, sannan a baza a tabarma a shanya kwana huɗu zuwa bakwai, har su yi duhu su rasa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsu. Ruwan sama ya taɓa shanya, ko a tara shi da danshi, sai ya yi fari-fari ya yamutse, irin wanda 'yan kasuwa ke kira khoker, ba ya kuɗi. Mai tsinka kuma in ya karya rassa don sauri, bishiyar ta yi shekaru ba ta ba da abin kirki ba.

Ka ga ke nan ana buƙatar hannaye masu ɗimbin yawa cikin 'yan makonni, ga shuka da sai ta shekara biyar zuwa bakwai kafin ta fara haihuwa. Masu gandu suka cike wannan giɓi da bayin da ake kamowa daga cikin Afirka ta Gabas, har daga yankin tafkin Malawi. Dukiyar da ta gina manyan gidajen birnin Zanzibar, rayukan mutane ne suka biya ta, kuma bai kamata a faɗi tarihin kanumfari a tsallake wannan ba.

A 1872 wata guguwa ta kwantar da mafi yawan itatuwan Unguja, babban tsibirin Zanzibar, sai noman ya koma Pemba, ɗaya tsibirin. A 1873 Ingila ta tilasta wa Sarkin Zanzibar, Bargash, rufe kasuwar bayi.

TAMBAYA: Bayan an hana bauta, su wa suka ci gaba da aikin?

AMSA: Malama, hanin bai zo lokaci guda ba. Ingila ta karɓi iko da Zanzibar a 1890, amma sai 1897 aka soke bauta a doka, shi ma sai bawa ya je kotu ya nemi 'yancinsa, kuma ba a sa ƙwaraƙwarai ciki ba sai 1909. Yawancin 'yantattun ba su da ko taƙi guda, sai suka zauna a gonakin iyayengijinsu na dā, suna shuka rogo da ayaba tsakanin itatuwa, abin da ke hana ciyawa rufe gonar. Lokacin tsinka kuwa 'yan ci-rani ke zuwa, a biya su gwargwadon ma'aunin da suka cika, wanda ake kira pishi.

Matsalar ita ce kanumfari ba ya haihuwa daidai kowace shekara: bana ya yi albarka, baɗi da ta gaba ya yi rowa. Larabawa masu gandu suka riƙa cin bashi wurin 'yan kasuwa Indiyawa, suna jinginar da gonaki. Turawa kuma suka rarraba jama'a gida-gida bisa launi da asali, har a wakilcin majalisa. Wannan rarrabuwa ta ƙasa da asali ce ta fashe ranar 12 ga Janairu 1964, wata guda bayan 'yancin kai, aka kifar da sarauta, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa. Sabuwar gwamnati ta ƙwace manyan gonaki ta raba su eka uku-uku.

TAMBAYA: Me ya sa yanzu ba a jin Zanzibar a kan gaba?

AMSA: A dā Indunusiya ce babbar mai saye, saboda sigarinta mai suna kretek da ake haɗawa da kanumfari. Da ta faɗaɗa nomanta har ta wadatu a shekarun 1980, farashi ya karye. A gida kuma kamfanin gwamnati, ZSTC, shi kaɗai ke da ikon saye, ya daɗe yana biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Manoma suka daina dasa sabbin itatuwa a madadin waɗanda suka tsufa ko cuta ta kashe, wasu suka koma fasa-ƙwauri da kwale-kwale daga Pemba zuwa Kenya. Yau Indunusiya da Madagaska ne ke kan gaba.