Tambayi Mai Gyara: Kafar USB da ke Jikin Talabijin

Jama'a, assalamu alaikum. Saƙonnin da edita ya miƙo mini a wannan watan sun fi yawa a kan 'yar kafar nan da ke gefe ko bayan filasma, wadda ake zura filash a ciki. Lokacin da na fara koyon gyara a Sabon Gari nan Kano, talabijin mai doro ake yayi, babu komai a bayanta sai wurin eriya da kafofin bidiyo uku, ja da fari da rawaya. Yanzu da wuya mako ya fita ba a kawo mini talabijin da ciwonta ya faro daga kafar USB ba. Ga waɗanda na zaɓa.

*Malam mai gyara, na sayi filasma inci 43, na ga kafofi biyu an rubuta USB a jikinsu. Yara sun mayar da su wurin cajin waya, kuma sai wayar ta wuni ba ta cika ba. Mene ne ainihin aikinsu, kuma cajin zai lalata mini talabijin? Wani magidanci, Funtuwa.*

Alhaji, Allah ya sa a more ta lafiya. Asalin wannan kafa ta kwamfuta ce, a 1996 aka fito da ita, daga baya masu ƙera talabijin suka aro ta. A jikin talabijin aikinta biyu. Na farko, ta karanto abin da ke ajiye a filash ko hadis (hard disk, babbar ma'ajiyar fayil irin ta kwamfuta), wato fim, hotuna, karatu da wa'azi, ta nuna a allo ba tare da dikoda ko intanet ba. Da azumi nakan ga gidaje da yawa an loda tafsiri a filash ana saurare bayan tarawihi, wannan shi ne aikin da aka yi ta dominsa. In talabijin ɗin mai shiga intanet ce, za ka iya jona mata kibod ko linzamin kwamfuta ta nan, ka huta da rubutu da rimot. Aiki na biyu, tana ba da 'yar wuta don abin da aka jona ya tashi.

Wutar kuwa kaɗan ce ƙwarai. Volt 5 ce, kuma a yawancin talabijin ƙarfinta rabin amfiya ne, wato wat biyu da rabi. Cajar wayoyin yanzu tana ba da wat 10, wata 18, wata 25 ko fiye. Cajin waya a talabijin tamkar cika randa da ludayi ne, shi ya sa ake wuni. Duba da kyau kusa da kafofin, wani lokaci za ka ga an rubuta 5V 0.5A a ɗaya, a ɗayar kuma HDD 5V 1A. Ta biyun ta fi ƙarfi, an tanade ta don hadis. In ka ga harshen cikin kafar shuɗi ne, to USB 3.0 ce, ta fi sauri kuma wutarta ta kusa amfiya 1.

Jan wutar da waya ke yi ba kasafai yake illa ba, don galibi akwai abin kariya a ciki. Abin da ke kawo mini talabijin shago shi ne wayar cajin da ke reto. Kwanakin baya wani direba ya kawo mini tasa, ko fitilar jan nan ba ta kamawa. Da na buɗe na haska, sai na tarar harshen robar da ke cikin kafar ya karye, ƙarafa huɗun da ke kwance a kansa sun lanƙwashe, na wuta ya taɓa jikin ƙarfen kafar. Yaro ne ya zo wucewa da gudu ya yi tuntuɓe da wayar. Kafar nan a kan babban fanel aka ɗaura ta da dalma, fanel ɗin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar talabijin, don haka ƙonewar ba ta tsaya a bakin kafa ba. Sai da muka nemo wani fanel, kuɗin ya kusa rabin na sabuwa. Ga kuma asarar wuta: in da sola ko inbata kake, kunna allon da ke shan wat 50 ko fiye don a ba waya wat biyu da rabi ɓarna ce. Ka saya wa yara caja da soket nasu daban, Alhaji.

*Mai ɗaukar bidiyo ya ba mu bikin 'yata a filash. A gidan yayana ya yi lafiya lau, amma a tawa talabijin sai ta rubuta ba ta gane fayil ɗin ba. Wani ɓangaren kuma hoto na tafiya babu murya. Wani yaro ya ce in yi wa filash ɗin fomat. In yi? Wata uwa, Zariya.*

Hajiya, kada ki yi. Ki ajiye filash ɗin tukuna, in yi miki bayani, don wannan tambayar ita ta fi taɓa ni a duk saƙonnin.

Fomat sharewa ce. Duk abin da ke cikin filash zai tafi. Shekaru kaɗan da suka wuce wata dattijuwa ta zo shagona da jikanta, ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan filash baƙi da aka ɗaura wa zare. Hotunan maigidanta ne a ciki, na aikin Hajjinsa da na walimar dawowarsa, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Filash ɗin yana zaune a jikin talabijin, takan sa a kunna mata ta kalla. Rannan jikan ya so naɗar ƙwallo, ya danna maɓallin naɗa a rimot, talabijin ta tambaya da Turanci ko ta shirya na'urar, shi kuma ya danna OK. Shiryawar ita ce fomat. Na tura su wurin wani mai kwamfuta da na yarda da shi, ya ceto kaɗan, sauran ƙwallon ta riga ta hau kansu. Har yau ina tuna yadda ta mayar da filash ɗin bakin zani ta ƙulle, ba ta ce wa yaron komai ba. Tun daga ranar duk wanda na gyara wa talabijin sai na gaya masa: in allo ya nuna kalmar "Format" alhali akwai abin da kake so a filash, ka danna fita.

Yanzu ga matsalarki. Talabijin ɗinki lafiyarta ƙalau, filash ɗin ma haka. Sunan da kike gani a ƙarshen fayil, MP4 ko MKV ko AVI, kamar ambulan ne. Wasiƙar da ke ciki tana iya zama da boko, tana iya zama da ajami. Akwai tsarin matse bidiyo da ake kira H.264, wanda kusan kowace talabijin mai USB ta iya karantawa, akwai kuma wanda ya biyo bayansa, H.265, da masu kyamarorin yanzu ke so don yana rage nauyin fayil. Ta gidan yayanki ta iya duka biyun, taki ɗaya ta iya. Murya ma tana da nata tsarin daban a cikin ambulan ɗin, shi ya sa wani ɓangaren hoto ya fito murya ta ƙi.

Maganin yana hannun mai bidiyon. Ki koma masa ki ce ya fitar miki da wani kwafi a MP4 mai H.264, girman 1080, muryar kuma AAC. Ki karanta masa kamar yadda na rubuta, zai gane. In ya yi nisa, duk mai kwamfuta zai iya juya shi da manhajar HandBrake, kyauta ce. Abu ɗaya kuma da zai iya tasowa: filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura gig 4, bidiyon biki kuwa yakan wuce haka. Sai ko dai a raba shi gida biyu ko uku, ko a zuba a wani filash da aka shirya da NTFS ko exFAT, bayan an duba littafin talabijin an ga wanda take karantawa, don ba kowace ce ke gane duka ba. A sabon filash za a yi wannan, ba a wanda aka ba ki ba.

Kafin komai ma, yau ɗin nan, ki sa a kwafe bikin a wuri na biyu, kwamfuta ko wayar ɗaya daga cikin yaranki. Filash na mutuwa ba sallama. Allah ya ba amarya zaman lafiya.

*Ina so in jona laftof ɗina da talabijin ta kafar USB don mu riƙa kallon darasi da abokaina. Na ga waya mai kan USB a kowane gefe a kasuwa. Ɗalibi, Maraɗi.*

Ƙanena, bar wannan wayar a inda ka gan ta. Kafar USB ta talabijin ba ta karɓar hoto daga kwamfuta, kuma haɗa su da irin wannan waya yana nufin ka haɗa wuta da wuta, kowanne na tura volt 5 ga ɗan'uwansa. Wayar HDMI kake buƙata, ita ke ɗauko hoto da murya tare. In laftof ɗinka ƙaramar kafar nan ta USB-C kaɗai gare shi, akwai ɗan abin da ke juya ta zuwa HDMI, amma ka gwada a shagon kafin ka biya, don ba kowace kafar C ce ke fitar da hoto ba. In kuwa darussan bidiyo ne da ka riga ka sauke, zuba su a filash ka huta.

*Akwai kafar USB a bayan talabijin ɗina da aka rubuta "Service" a kanta, ba ta karanta fim. Wani ya ce zai saka mata sabuwar manhaja ta filash don ta fara. Mai shayi, Gusau.*

Malam, wannan kafar ta masu gyara ce, ta nan kamfani ya tanadi a sabunta manhajar talabijin. In tana aiki lafiya, kada ka bari a taɓa. Manhajar dole ta zama ta wannan samfurin daidai, har lambar fanel, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa, talabijin na iya tsayawa a kan tambarin kamfani ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ni kaina ba na yin wannan aikin sai a kan inbata. Kai da kake tara jama'a a teburinka da dare, mafi sauƙi ka duba dikodarka, yawancinsu suna da tasu kafar USB da ke kunna fim.

*Na sayi filash gig 64 da araha, na kai wa masu turawa suka cika mini da finafinai. Na farkon suna yi, sauran ba sa buɗewa, wani lokaci ma talabijin ta nuna babu komai a ciki. Wata matar aure, Azare.*

'Yar'uwa, abu biyu nake zargi. Akwai filash na jabu da aka yi wa dabara yake nuna gig 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Zai karɓi duk abin da aka tura ba musu, amma da ya cika ainihin cikinsa, sauran suna ne kawai babu fim. Alamarsa ke nan da kika faɗa, na farko su yi, na baya su ƙi. Wannan ba shi da gyara, sai dai ki sayi mai suna a shagon da za ki iya komawa.

Nuna babu komai kuwa sau da yawa bairos ne daga kwamfutar masu turawa, wadda filash ɗari ke shiga a wuni. Yakan ɓoye foldojin ya bar inuwarsu, talabijin kuma ba ta ganin inuwar. Ita talabijin ba ya kama ta, don na kwamfuta ne, kuma finafinan suna nan, mai kwamfuta zai fito miki da su.

Tunda ke mai yawan sakawa da cirewa ce, ki nemi 'yar gajeriyar wayar ƙari ta USB, ki jona ta a talabijin sau ɗaya ki bar ta, filash ɗin ya riƙa shiga bakin wayar. In ta sassauta sai a canza ta da kuɗi kaɗan, kafar talabijin na nan garau. Kafin ki zare filash ki tsayar da fim ki fita daga wurin kallon. Idan ya ƙi shiga, juya shi, kada ki danna da ƙarfi. In hunturu ya zo, ƙura za ta cika kafar da ba a amfani da ita. Ki zare talabijin daga soket, ki goge da busasshen burushin haƙori, ban da allura ko tsinken ƙarfe, sannan ki liƙe bakin da ɗan salatif.