Zan sayi injin tsintar kaya a sito, wanne ya dace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da sito a Sharaɗa, Kano, inda muke ajiye safayar babura da ta Keke Napep. Kantocinmu na ƙarfe sun kai mita 6, kuma da tsani yarana ke hawa su sauko da katan ɗaya ko biyu duk sanda ɗan kasuwa ya aiko da oda. Watan jiya ɗayansu ya zamo daga tsani, Allah ya kiyaye bai karye ba. Wani dillali a Legas ya turo min hoton foklif na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, irin wanda direba ke tashi sama tare da shi, ya ce daga Amurka ya zo. In saya?

Daga wani mai sito, Sharaɗa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa, a gaishe min da yaron.

Injin da ka gani shi ne dillalai ke kira oda-fika. Foklif ɗin da aka saba gani, direba na zaune a ƙasa, ƙahonnin ne ke tashi su ɗauko falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, sukutum. Wannan kuwa mutumin ne ke tashi, yana tsaye a dandamali, ya miƙa hannu ya tsinci katan ɗin da yake so ya ɗora a falet ɗin da ke jikin injin. Da lodin falet cikakke kake saukewa, da na ce ka manta da shi. Tunda tsince kuke yi, irin injin ya dace da aikinka. Wannan na hoton dai, kar ka biya ko kobo tukuna.

Tsawo shi ne mai sauƙi. Ana lissafin hannun mutum ya ƙara kamar mita 1.6 a kan dandamali, don haka kanta mai mita 6 dandamali mai tashi mita 4.5 ya ishe ta. Akwai masu wuce mita 10, amma kuɗinsu da nauyinsu asara ce a gare ka. Ka kuma duba farantin ƙarfen da ke jikinsa. Yawancinsu tan ɗaya ko sama kaɗan suke ɗauka, kuma nauyin da aka yarje musu yana raguwa in suna ƙara tashi.

Abin da ya fi damuna daɓenka ne, Alhaji, kuma shi ne abin da dillali ba zai taɓa tambayarka ba. Tayoyin wannan inji ƙanana ne, na roba mai tauri, ba iska a ciki, ba sifirin, cikinsa kuma kusan a ƙasa yake. Duk abin da daɓe ya yi, sama za ta ji shi ninki-ba-ninki. Ga lissafi: in faɗin injin mita 1 ne, tayar dama ta fi ta hagu tudu da milimita 5 kacal, to a tsawon mita 6 ya karkace da santimita 3. A baki kamar ba komai. Amma mutum na tsaye a sama, injin na tafiya, ƙarfen kanta na daf da kafaɗarsa. Sitocinmu da yawa an yi daɓensu ne don buhuna da 'yan dako, da cebur aka baje kankaren, ga tsaga, ga faci. Ka samo magini mai ma'aunin ruwa da doguwar sandar alminiyam ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. In daɓen bai miƙe ba, kuɗin gyaransa na cikin kuɗin injin. Kar kuma ka sa ran zai fita tsakar gida ya sauke tirela, a kan tsakuwa ko rairayi zama zai yi.

Ka auna ƙofa. Na taɓa aiki a wani kamfani da aka sayo irinsa, aka sauke shi da murna, sai ga turken injin, ko a naɗe, ya fi bakin ƙofar sito tsawo. Kwana huɗu yana waje a lulluɓe da tamfol kafin aka fasa saman ƙofar. Ni ne na sa hannu a takardar sayen, shi ya sa har yau tef ɗin awo ba ya barin aljihuna. Ka auna faɗin layukan ma. Layin da ya matse ƙwarai sai an kafa masa ƙarfen jagora a gefe, don direba ya daina fama da sitiyari yana sama.

Injin da batir yake aiki, sai an yi masa caji, a nan maganar Amurka ta shigo. Wutarsu tana kan 60Hz, tamu 50Hz, cajojin manyan injunansu kuma da yawa na layi uku ne mai bolt 480, mu kuwa 400 zuwa 415 muke samu. Akwai cajar da ke karɓar duka, akwai wadda za ta ƙone ko ta ƙi tashi. Ka ce ya turo hoton rubutun da ke bayan cajar. Batirin kansa shi ne inda ake cin mutane. Batirin ruwa yana yin caji kamar sau 1,500, wato wajen shekara 5 in ana kula da shi, kuma galibi sai ya gaji ake rabuwa da injin. Sabo kuɗi ne masu kauri. Yana son kamar awa 8 a caji ba yankewa, ka ga sai ka tambayi kanka ko janaretanka zai kwana yana aiki. Yana shan ruwan batir, ba na famfo ba, yana kuma fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka a wuri mai iska ake jona shi. Zafin Afrilu na Kano yana rage masa kwana. Na litiyam ya fi tsada, amma ba ruwansa da ruwa, kuma ana iya jona shi lokacin sallar azahar ya ƙaru. Ga mai wuta irin tamu, ni shi nake zaɓa in aljihu zai ɗauka.

Kamfanonin Crown, Raymond, Toyota, Jungheinrich da Linde duk suna yin masu kyau. Sunan bai dame ni ba kamar tambayar wa zai gyara. Waɗannan injuna kwamfuta ke tafiyar da su, in ƙurar hunturu ta toshe wata na'ura sai ya nuna lamba ya tsaya cak, wani lokaci sai an jona masa laftof mai manhajar kamfanin. Makanikin foklif mai dizal ba lallai ya iya ba. Ka nemo wanda zai gyara da inda za a samu taya da sarƙa kafin ka zaɓi suna.

Ɗamarar tsaro dole ce, a ɗaure ta a jikin injin kullum, kuma yaro biyu ko uku kawai za a koya wa, makulli na hannunsu.

Kafin duk wannan, daga gobe ka sauko da kayan da suka fi fita, irin su fulogi da sarƙa da birki, zuwa kantocin ƙasa, ka sa a ƙera maka tsani mai taya da dogari a gefe. In bayan wata guda hawa ya ragu sosai, wataƙila ƙaramin inji irin WAV na Crown, mai kai hannu kusan mita 5, ya ishe ka, saman kanta kuma ya zama na kayan da ba a cika nema ba. In har yanzu babban kake so, ka tafi Legas da makanikinka, a tashe shi har ƙarshe da kaya a kai, a bar shi ya yi awa biyu yana aiki ku ga yadda batirin zai sauka. Ka turo min awon ƙofar da faɗin layukan, in duba maka.