Kunun zaƙina yana tsami yana huci: ya fara zama giya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mazauniyar Ƙofar Marusa ce a Katsina. Mu huɗu ne a layinmu muke dama kunun zaƙi, musamman da azumi, kowa ta aika wa 'yar'uwarta nata mu ɗanɗana. Gero ɗaya muke saye, inji ɗaya ke yi mana markaɗe, amma ɗanɗanon bai taɓa zuwa ɗaya ba. Nawa ya fi saurin tsami, kuma in ya kwana biyu a gora har huci yake yi idan an buɗe. Ƙanena da ke karatu a Beljiyam ya ce can ma akwai masu yin wata giya mai tsami a gida suna musaya da juna, wai kuma ƙwayoyin da ke tsamar da ita su ne na kununmu. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Kunun da ya yi tsami ya fara zama giya ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri da wannan tsantseni. Ƙanenki gaskiya ya faɗa, sai dai rabin zancen ya kawo miki. Tsamin kunu bai isa ya tayar miki da hankali ba. Hucin nan da gora ke yi bayan kwana biyu, shi ne abin da ya kamata ki sa wa ido.

Tun daga gona gero yake zuwa da baƙi a jikinsa, halittu ƙanana da ido ba ya gani. Wasu kuma suna jira a ƙwarya, a muciya, a bakin injin markaɗe, har da tafin hannunki. Biyu daga cikinsu ne suka shafi tambayarki. Na farko bakteriyar tsami, dangin da masana ke kira Lactobacillus. Abincinta sukari, abin da take fitarwa kuma tsami ne, irin wanda kika sani a kindirmo da kamu da ruwan tsami. Wannan tsamin ba ya sa maye ko da mutum ya shanye randa guda. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna a 1857 cewa halitta mai rai ce ke yin wannan aikin. Na biyu shi ne yis, wanda yake kumbura miki ƙullin fanke da burodi. Shi ma sukari yake ci, amma abin da yake bari a baya barasa ce da iska. Duk giyar duniya aikinsa ce.

Su biyun ba tare suke tashi ba. Bakteriya 'yar sammako ce: in ta samu ɗumi tsakanin digiri 30 zuwa 40, cikin 'yan awanni ta cika kunu. Saboda haka daren farko nata ne, kuma ita ce ke ba kunun zaƙi ɗan tsamin nan mai daɗi da ke hana shi gundurar mutum. Tana ma yi miki gadi, domin yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa idan lambar ma'aunin pH, wato awon tsami da ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, ta sauko ƙasa da 4.6, kunun da ya kwana kuwa yakan kai wajen 4. Yis ya fi ta nawa, amma tsami ba ya damunsa. Yana nan yana ƙaruwa a hankali, har ya samu fili bayan tsamin ya kore masa abokan gasa. In aka ba shi sukari da zafi da kwanaki, sai ya karɓe gida. Masu burkutu da gangan suke ba shi wannan damar: su tsirar da dawa, su bari ta yi tsami, su dafa, sannan su zuba guggubin tsohuwar giya su bar ta wajen kwana biyu. Kin ga ke nan farkon hanyar ɗaya ce, a gaba take rabuwa.

Ta Beljiyam kuwa, da ƙanenki ya ambata, sunanta lambik, kuma asalinta yankin kwarin kogin Senne ne kusa da birnin Brussels. Sha'ir da alkama suke dafawa, su juye ruwan a wani faffaɗan kasko marar zurfi, su bar shi a buɗe ya kwana domin ƙwayoyin da ke cikin iska su sauka. A watannin sanyi kaɗai suke yi, don sun san iskar lokacin zafi ɓata musu take yi. Daga nan sai ganga ta katako, shekara 1 zuwa 3. A cikin gangar yis ne yake fara cinye sukarin ya mayar da shi barasa, sai bayan watanni bakteriya ta zo ta tsamar. Wato tasu ta riga ta zama giya kafin tsami ya shige ta, kuma barasar cikinta tana kai kashi 5 zuwa 6 cikin 100. Masu yin giya a gida don sha'awa sun yawaita a Amurka bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta musu haka a 1978. Suna musaya ne saboda ba a samun ganga biyu masu ɗanɗano ɗaya, kamar dai yadda ƙwaryarki da ta maƙwabciyarki suka bambanta. Kamannin ya tsaya nan. Abin da suke jira shekara guda ya faru, mu shi muke gudu.

Zan gaya miki gaskiya yadda take, don kada wani ya zo ya sake ruɗa ki. Duk abin da ke da sukari in ya kwana, ba a rasa ɗan burbushin barasa a cikinsa, har ayabar da ta nuna sosai da ƙullin burodi. Wasu daga cikin bakteriyar tsamin ma suna fitar da 'yar iska, don haka ɗan kumfa a saman kunun da ya kwana ɗaya ba shaidar maye ba ce. Ma'aunin da malamai suke dogara da shi shi ne maye: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Fatawa tasu ce, ki kai musu in kina son hukunci. Amma a matsayina na mai koyar da kimiyyar abinci, akwai ruwayoyi biyu da kullum suke ba ni mamaki. A Sahihu Muslim, Ibnu Abbas ya ba da labarin cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, sannan abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. Lokaci aka sa ya zama iyaka. Sannan a Risala, wadda ake karantawa a zaurukan Katsina, an kawo hanin yin jiƙo a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta, malamai suka ce dalili shi ne abin sha ya fi saurin juyawa a cikinsu. Da muka zo da madubin ɗakin gwaji, abin da muka gani ke nan: cikin duma kamar soso yake, yana riƙe ƙwayoyin jiya ya miƙa wa kunun yau.

Kada ki ɗauki kwana ukun nan ki ɗora wa kunun zaƙi. Ruwan zabibi daban, kunun da aka tsirar masa da hatsi aka zuba masa sukari aka toshe a gorar roba daban, balle a bazarar Katsina da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu.  Shawarata, in babu firij, kunun da aka tace yau a shanye shi yau. Wanda ya kwana biyu har gorar ta kumbura ta yi tauri, yana huci, yana ƙamshin ƙullin fanke, yana ɗan cizon harshe kamar lemon kwalba, yis ya riga ya kama aiki a cikinsa. Ki zubar, kada ki ba yara don jin asara.

Sai batun abin da ya sa naki ya fi na sauran saurin tsami. Mata kan ce hannu ne, kuma ban ƙi ba, amma hannun yana da bayani. Ki fara duba jiƙo. Geron da ya wuce kwana ɗaya a ruwa ba a canza ruwan ba ya riga ya fara tsami kafin ya je inji. Idan kuma kin dawo daga markaɗe kin ajiye ƙullun kin shiga wata hidima har la'asar, kin ƙara wa bakteriya awanni kyauta. Ki duba mazubi: tsohuwar ƙwarya ko robar da ta kakkarce ta fi tukunyar silba mai santsi saurin tsamar da kunu nesa ba kusa ba. Ki duba inda yake kwana, domin kunun da aka rufe a kicin kusa da murhu ba zai tashi daidai da wanda ya kwana a tsakar gida iska na bugunsa ba.

Inda na fi zargi shi ne wurin haɗi, kuma nan mata da yawa suke kuskure. Kin san ana raba ƙullu biyu, a dama kashi mai yawa da tafasasshen ruwa, a ajiye ɗan kaɗan ɗanye wanda aka markaɗa da busasshen dankali ko tsiro. A cikin ɗanyen nan akwai sinadarin da ke yanyanka gasara ya mayar da ita sukari, shi ya sa kunu mai kauri yake tsinkewa ya yi zaƙi da kansa, sunan ma daga nan ya samo asali. Wannan sinadarin ya fi aiki a wajen digiri 60 zuwa 65. In kika zuba ɗanyen kunu na tafarfasa, kin kashe shi: kunun zai tashi salam, ki yi ta ɗura masa sukari, sukarin nan kuma abincin yis ne. In kika bari ya huce sarai kafin ki zuba, zaƙin ba zai fito sosai ba, ƙwayoyin da ke cikin ɗanyen ƙullun kuma duk za su tsira su fara aiki nan take, da safe ki tarar da tsami ya rinjayi zaƙi. Ki zuba a lokacin da tiriri ya ragu amma yatsa ba zai iya daɗewa a ciki ba.

Sukari kuwa ki bar shi sai lokacin sha, ko aƙalla sai za a aika. Gorar ruwa da aka taɓa sa kunu a cikinta tana da wuyar wankuwa, musamman murfin da wuyan, kuma ɗigo ɗaya na tsohon kunu ya isa ya zama iri ga sabo. Ina jin a nan hucin naki yake samo asali.

Musayar da kuke yi abu ne mai kyau, ina roƙon kada wannan tambayar ta sa ku daina. Zumunci ce, kuma makaranta ce. Abu ɗaya na yarda mu ara daga masu gangunan can: ba sa miƙa wa juna kwalba sai da rubutun ranar da aka yi ta. Ku ma ku manna 'yar takarda a gora, a rubuta lokacin da aka tace. Wata rana kuma, bayan an sha ruwa an natsu, ku jera kunun gidajen huɗu a ƙananan kofuna, ba sukari ba ƙanƙara, don sanyi da zaƙi suna rufe aibi. Ku fara shinshinawa kafin ku kurɓa, ku fara da wanda ya fi ƙarancin tsami, ku kuskure baki da ruwa a tsakani. Tsami mai laushi irin na kindirmo shi ake nema. Wanda ke huda hanci kamar ruwan khal alama ce ya daɗe a buɗe, wata bakteriyar dabam ta shiga. Idan yana warin ruɓaɓɓen man shanu, ko yana yauƙi kamar kuɓewa in an ɗaga ludayi, ba a ɗanɗana shi ma, zubarwa ake yi. Kowa ta faɗi awa nawa ta jiƙa, a me ta kwantar, citta da kanumfari da masoro nawa ta sa. Cikin mako guda za ku gano sirrin juna.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kunun gida ma ba barasa ba ce. Ruwan da ake ƙarawa bayan tata ne, da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. An dafa kunu lafiya, tsami ya yi gadinsa, sai a zo a ƙarshe a tsinka shi da ruwan da ba a tafasa ba, mai azumi ya sha da cikin da ya wuni babu komai. Ki tafasa ruwan tata ki bari ya huce, ƙanƙara kuma ki jera ta a jikin gora daga waje. Haka nan geron da ya yi fumfuna ko yake warin rumbu, ki mayar wa mai shi, domin gubar fumfuna ba ta mutuwa da dahuwa, tsami ma ba ya kawar da ita.

Gobe in za ki dama, ki canza abu biyu kacal don ki ga ko za su yi tasiri: ki kwantar da shi a tukunyar silba da kika ɗauraye da ruwan zafi, ki kuma hana shi sukari sai an kusa kiran sallar magariba. Ki zuba wa maƙwabta nasu a jug mai faɗin baki da ake iya wankewa har ƙasa, tsofaffin gorunan nan kuma ki rabu da su.